Yaushe Za Mu Kai Iyalinmu Su Ga Duwatsun Rugu?

 

Wani abokin fataucina ya komo daga ƙasar Taraba yana ba ni labarin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda Gwamnatin Tarayya ta keɓe a shekarar 1991. Ya ɗebi matarsa da 'ya'yansa suka sauka a Serti, ma'aikatan gandu suka shiga da su, yara suka ga birai da tsuntsaye da koguna masu sanyi. A cikin gandun ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda babu dutsen da ya fi shi a Nijeriya duka. Na yi masa murna, amma zuciyata ba ta yi daɗi ba.

Dalili kuwa, mu mutanen Batsari da Safana ba mu rasa dutse ba, ba mu rasa daji ba. Ga Rugu nan yamma da mu, ta miƙe har ƙasar Zamfara. Tun zamanin En'e aka keɓe ta gandu, daga baya aka yanki wani sashe wajen Runka domin kiwo. Iyayenmu sun shige ta neman zuma da saiwar magani, mu ma muna yara mun hau duwatsunta muka hangi garken Fulani kamar tururuwa. Malamai sun fi ni sanin cewa duban halittar Ubangiji da i'itibari ibada ne. To yaron da aka haifa a ƙasar Ruma bayan 2015, me ya sani game da Rugu? Abin da ya ji shi ne can aka kai ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disamban 2020, kuma daga can masu bindiga suka fito suka auka wa Tsauwa da Ɗankar a farkon shekarar 2020. In ya ji sunan dajin sai ya kama zanen uwarsa.

Waɗansu na cewa a roƙi Gwamnati ta mai da Rugu gandun ƙasa, kamar yadda ta amince wa dajin Kogo na Faskari a 2020. Ni ban ƙi ba, amma takarda ba ta tsaron daji. Kamuku ta Birnin Gwari gandun ƙasa ce, suna bai hana ɓarayi zama cikinta ba.

Kuma ina jin tsoron abu guda. In aka zana iyaka aka kori makiyayi mai gaskiya, alhali an riga an nome burtali, ina zai kai shanunsa? Lalle wuta za a ƙara wa mai. Abin da ya kamata, a fara gyara madatsun ruwan dabbobi, a buɗe burtali, a ɗauki 'yan ƙasa, Hausawa da Fulani, aikin gadin daji da albashi tsayayye, ƙarƙashin idon Sarkin Ruma da Yariman Katsina.

Mu fatake kuma akwai namu laifin, kada mu ɓoye. Motocin gawayi da itace da suka yi shekaru suna fita daga wannan yanki, kuɗin waye ya loda su? Wanda ya sayi buhun gawayi da araha ya san inda aka sare iccen.

Ƙaramin jikana ya tambaye ni ko da gaske na taɓa kwana a gindin dutsen Rugu. Na ce masa na kwana, har na sha nono a rugar da ke kusa. Ya dube ni, bai yarda ba.