Ƙunzugu ba ƙazanta ba ne

Tun 2014 aka ware ranar 28 ga watan Mayu domin tsaftar al'adar mata, kuma duk shekarar da ta zagayo jawabin ɗaya ne. A tara 'yan mata a filin makaranta, a raba musu audugar mata ƙunshi ɗai-ɗai, a ɗauki hoto, sannan a ja musu kunne su daina amfani da tsumma, wai ƙazanta ne mai kawo cuta. Maganar ta zauna daram, har malaman asibiti da na makaranta suna maimaita ta ba tare da wani ya ce don me ba. Ni kuwa ina ganin kuskure ce, kuma a ƙauyukan Kudan da Ikara da Makarfi na jihar Kaduna ɓarnarta ta fi gyaranta yawa.

A fara da lissafi, wanda masu jawabin ba sa son yi. Ana so mace ta canza auduga bayan 'yan sa'o'i, wato sau uku ko huɗu a yini. Mai kwana biyar tana buƙatar guda 15 zuwa 20, alhali ƙunshin da ake sayarwa a kemis yawanci guda takwas ne ko goma. Ƙunshi biyu ke nan a wata ga mace ɗaya. Gidan da ke da uwa da 'yan mata uku, takwas. Manomin rake a Makarfi ko mai tumatir a Ikara kuɗinsa na kaka ne, jini kuwa ba ya jiran kaka. Farashin ma ba a hannunmu yake ba. Dokar kuɗi ta 2019 ta cire harajin VAT daga audugar da aka yi a cikin gida, aka yi ta murna. Sai aka cire tallafin mai a 2023, naira ta faɗi, kamfanin Procter & Gamble mai yin Always ya sanar a watan Disamban shekarar cewa zai daina sarrafa kaya a Najeriya ya koma shigowa da su, Kimberly-Clark mai yin Kotex ya bi sahu a 2024 ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu. To yarinyar da aka koya wa cewa abin da uwarta ke amfani da shi ƙazanta ne, ga shi ƙunshi ɗaya ta samu, me za ta yi? Za ta sa guda ɗaya tun asuba ta kai shi magariba. Wannan ita ce ainihin ƙazantar, kuma jawabin tsafta ne ya haife ta.

Kalmar da aka zaɓa ita ta yi rabin aikin. Tsumma shi ne abin da ake goge ƙasa ko a sauke tukunya da shi. Mata kuwa suna da sunan abinsu tun kaka da kakanni: ƙunzugu, ƙyallen zane mai laushi da aka yanka, aka ninke, aka keɓe shi don wannan aikin kaɗai. Da aka kira shi tsumma an gama yanke masa hukunci kafin a saurare shi. Kishiyarsa kuma aka raɗa mata audugar mata, suna mai daɗi da ke kawo farin kaɗa a zuciya, alhali akasarin irin da ke kasuwa itace ne da aka sarrafa da leda da sinadarin tsotse ruwa. Wasu za su ce kunyar Bahaushe da addininsa ne suka hana a yi maganar a fili, shi ya sa ake cewa baƙon wata ko fashin salla, ake aiken yaro kemis a ƙunshe masa a baƙar leda. Kunya dai akwai ta, amma kada a jingina wa addini. Yarinyar da ta karanta Ahalari ko Risala a Islamiyya ta ji babin haila da nifasi dalla-dalla, da kwanakinsu da alamar ɗaukewarsu. A cikin Muwaɗɗa Malik an ruwaito mata suna aika wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, audugar da suka sa domin ta duba musu ko sun samu tsarki. Al'ummar da ke karantar da wannan ba ta rasa bakin koya wa 'ya'yanta yadda ake wanke ƙunzugu ba. An dai sa ta jin nauyin ambatarsa ne.

Hujja mafi ƙarfi a wajen masu wancan ra'ayi ita ce cuta, kuma ba za a yi watsi da ita ba. Wani bincike da aka buga a 2015 kan matan jihar Odisha ta Indiya ya gano cewa masu amfani da ƙyallen da ake wankewa sun fi fama da alamun cutukan mafitsara da al'aura. Amma a tambayi yadda ake wanke ƙyallen da inda ake shanya shi. A gidajenmu an san amsar. Ana wanke shi a ɓoye, cikin sauri, da ɗan ruwan buta, wani lokaci ba sabulu. Ba a kai shi igiya don kada ƙanin miji ko yara su gani. Sai a cusa shi ƙarƙashin katifa ko a rataye bayan ƙofa, cikin sanyin watan Agusta ya kwana biyu da danshi, a sake ɗaura shi yana warin ruma. Laifin danshi ne da duhu, ba na zane ba. Ƙyallen da ya sha sabulu, ya bushe ƙamas a rana, in da hali aka bi shi da dutsen guga, ba shi da wannan illar. Kuma duk lokacin da aka ƙara kiransa ƙazanta, ƙara tura shi ƙarƙashin katifa ake yi.

Akwai abin da dole a yarda da shi. Ga ɗalibar da za ta zauna jarrabawa da fararen kaya, ko mai doguwar tafiya a mota, audugar kanti ta fi kwanciyar hankali. To a gaya mata haka: ta ajiye ƙunshinta ɗaya don ranakun makaranta da jinin ya fi ƙarfi, a gida da dare ta koma ƙunzugu. Audugar ma ba ta raba mace da wahalar ruwa ba, domin da yawa sai sun wanke ta tas kafin su jefar, don tsoron kada jininsu ya faɗa hannun mai asiri, daga nan kuma ta faɗa masai, inda leda ba ta ruɓewa.

Ana yawan buga misali da Kenya, wadda ta yi dokar raba auduga kyauta a makarantun gwamnati a 2017, da Sukotland da ta mai da kayan al'ada kyauta ga kowa da dokar da majalisarta ta zartar a 2020. In gwamnatin Kaduna za ta ɗauki wannan nauyin kowane wata, ba ranar biki kaɗai ba, madalla. Kafin nan, Kaduna tana cikin jihohi bakwai na farko na shirin AGILE na ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020. Don haka abin da ya kamata iyaye daga Hunkuyi zuwa Ikara su riƙa tambaya a kowace makaranta shi ne ban-ɗakin 'yan mata mai ƙofa da sakata, da ruwa a cikinsa. Kuɗin rumfa da riguna na ranar 28 ga Mayu kuma a ba telolin mata na kasuwar Makarfi su ɗinka ƙunzugu mai maɓalli da shafin hana yoyo, a haɗa wa kowace yarinya da sandar sabulu.