Wa Ya Aike Ka?

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata magana da ke yawo a fada-fadanmu da kan WhatsApp duk sanda aka taɓo addinin Turawa. Wai a Amurka coci kan taru ta kaɗa ƙuri'a a kan maganar Allah, in hannuwa suka yi yawa a soke aya, kowa ya kama gabansa. Sai a fashe da dariya, a zuba shayi na biyu. Ni dai ina ganin wagga dariya ta ragwanci ce. Masu yin ta ba su taɓa bin diddigin yadda abin ke gudana ba, kuma da sun bi da kunya ta kama su, don mu masu dariyar ba mu da ko rabin tsarin da waɗancan mutane ke bi kafin wani ya buɗe baki ya ce "mun yanke".

Cocin da aka fi nufi da wannan ba'a ita ce ELCA, ƙungiya mafi girma ta mabiya Martin Luther a Amurka. An kafa ta a 1988 bayan coci uku sun haɗe, hedkwatarta na Shikago, ta fara da mabiya fiye da miliyan 5. An kasa ta shiyya 65, kowace da bishop ɗinta. To amma ko babban bishop na ƙasa baki ɗaya ba ya da ikon ya kwana ya tashi ya ce ga matsayin coci a kan zubar da ciki ko hukuncin kisa. Hanya ɗaya ce, kuma doguwa ce.

Da farko babban taron ƙasa ne ke ba da izinin a ɗauki batu. Sai a kafa kwamiti mai haɗa malaman tauhidi, fastoci, masana fannin da ake magana a kai, da mabiya na gama-gari, ana neman masu saɓanin ra'ayi da gangan. Kwamitin ya rubuta littafin nazari, a aika wa ikilisiyoyi, su zauna su karanta, su mayar da amsa a rubuce. Daga amsoshin a fitar da daftari na farko, a buga shi kowa ya gani, a zagaya shiyya-shiyya ana zaman sauraro, mai suka ya soka. A gyara. Bishop-bishop su duba, majalisar gudanarwa ta duba, sannan takardar ta koma gaban babban taro. A 2009 wakilan taron sun haura 1,000, kuma dokarsu ta ce aƙalla kashi 60 cikin 100 su zama waɗanda ba limaman coci ba ne, a kuma raba kujeru tsakanin maza da mata. A can ma rinjaye na hannu ɗaya bai isa ba, sai an samu kashi biyu cikin uku. Aikin yakan ci shekara biyar, wani lokaci fiye.

Ta wannan hanya suka fitar da matsayinsu a kan zubar da ciki da hukuncin kisa a 1991, muhalli da wariyar launin fata a 1993, zaman lafiya a 1995, tattalin arziki a 1999, kiwon lafiya a 2003, ilimi a 2007, gidajen yari da shari'ar laifuka a 2013, sai wariyar da ake yi wa mata a 2019. Babu ko ɗaya da masu dariya suka taɓa ji. Wadda suka ji guda ce, ta 2009, to bari mu tsaya a kanta.

A 2001 aka ba da izinin nazarin batun jima'i da aure, har da zaman masu jinsi ɗaya. A 2005, a taron Orlando, aka kawo shawarar a buɗe ƙofa ga fastocin da ke cikin irin wannan zama, taro ya ƙi, 490 sun yarda, 503 sun ƙi. Aka koma nazari. Daftari ya fito a 2008. Ranar 19 ga Agusta 2009, a birnin Miniyapolis, aka kaɗa ƙuri'a a kan takardar: 676 da 338. Ku lissafa da kanku, kamarad. Jimla 1,014, kashi biyu cikin uku shi ne 676 cif. Da mutum ɗaya ya juya, da aikin shekara takwas ya faɗi. Kuma takardar ba ta ce kowa ya yarda da abu ɗaya ba. Ta rubuta ƙarara cewa mabiyanta sun kasu ra'ayi huɗu a kan batun, daga masu ganin zunubi ne zuwa masu ganin a ɗaura musu aure, ta ce kowane ɓangare ya girmama lamirin ɗan uwansa.

Kada wani ya ce na zo kare abin da suka yanke. Yawancinmu a nan, Musulmi da Kirista, ba mu tare da shi, kuma wannan ba ɓoyayye ba ne. Maganata a kan hanya take, a kan tambayar da kowace ƙungiya ya kamata ta iya amsawa: kai da ka tsaya kana magana da sunan jama'a, wa ya aike ka?

Na san abin da za a ce. Gaskiya ba a kaɗa mata ƙuri'a, in mutum dubu suka ce ƙarya gaskiya ce, ƙarya tana nan ƙarya. Haka ne, kuma Lutheran sun fi kowa sanin haka, tunda shi Luther ɗin a 1521, a birnin Worms na Jamus, shi kaɗai ya tsaya gaban sarki da manyan daula ya ƙi janye rubuce-rubucensa. Amma mi ake ƙirgawa a zauren? Ana ƙirga abin da hukumar coci ke da izinin faɗa da sunan mabiyanta, abin da ofisoshinta za su bi, abin da wakilinta zai kai gaban gwamnati a Washinton. Shi mabiyi yana da damar ya ce bai yarda ba, kuma ba a korarsa. Wanda ya ce kada a ƙirga, to ya gaya mana wa zai yanke. Nassi ba ya tashi daga kan shafi ya hau mumbari, mutum ne ke karanta shi ya fassara, kuma inda aka hana ƙirga hannuwa, fassarar mai babbar murya ce ke zama doka.

Ga shaida daga cikin gidansu. Akwai wata babbar ƙungiyar Lutheran a Amurka, ta Mizuri, mai hedkwata a Sant Luwis, masu tsauri ne, ba su naɗa mace fasto. Tsarin mulkinsu ya ce al'amuran aƙida Littafi ne kaɗai ke yanke su. To da rikici ya tashi a kan yadda ake karanta Littafin, mi suka yi? A 1973, a taron Niyu Olins, hannuwa suka ƙirga. A 1974 mafi yawan malamai da ɗaliban babbar makarantarsu ta horar da fastoci suka fice. Ko mai rantsuwa ba ya ƙirga, ranar da aka saɓa sai ya ƙirga. Bambancin kawai shi ne ko an shirya ƙa'idar ƙirgar tun kafin faɗa ya ɓarke.

Za a kuma ce, ai duk da tsarin nasu sun dare. Sun dare kam. Bayan 2009 ikilisiyoyi fiye da 600 suka bar ELCA, a 2010 wasu suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna NALC. Amma a dubi inda tsagar ta fito. Kwana biyu bayan waccan ƙuri'a, ranar 21 ga Agusta, aka kawo batun da ya fi zafi, wato barin ikilisiya ta ɗauki fasto mai zaman jinsi ɗaya. An nemi a sa wannan ma sai da kashi biyu cikin uku, taro ya ƙi, aka bar shi a rinjaye na kullum. Ya wuce da 559 da 451, kusan kashi 55 cikin 100. Da an auna shi da mudun da aka auna takardar, da bai wuce ba. A nan ne nake ganin laifinsu, kuma babba ne: sun gina katanga mai tsawo, da suka zo wurin da ya fi buƙatar ta sai suka bi ta gefe. Wanda aka kayar da kashi biyu cikin uku yana iya haɗiye fushinsa, wanda aka kayar da ƴar tazara bayan an sassauta mudu yakan ji an yi masa wayo. Abin dariyar ma, ita ikilisiyar da ke son ficewa sai ta samu kashi biyu cikin uku har sau biyu, da tazarar kwana 90 tsakani. Don haka abin da ya faru a Miniyapolis hujja ce a riƙe ƙa'ida da ƙarfi, kuma ba ta wanke masu cewa a yar da ita.

Laifi na biyu ya shafi nahiyarmu. Lutheran ba na Amurka kaɗai ba ne. Suna Numan ta jihar Adamawa tun 1913, lokacin da mishan daga Danmak ya sauka can, kuma da Hausa da yawansu ke ibada. Suna Ngaundere ta Kamaru. Babban bishop na Numan, Musa Panti Filibus, shi aka zaɓa shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya a 2017. Hukuncin Miniyapolis bai ɗaure waɗannan coci ba, kowace cin gashin kanta take, amma suna ɗaya suke amsawa, kuma ba su da ƙuri'a a wancan zaure. Cocin Mekane Yesus ta Habasha, wadda ta fi kowace cocin Lutheran yawan mabiya a duniya, ta yanke hulɗa da ELCA da cocin Swidin a 2013. To ta yaya ta yanke? Majalisarta ta zauna a 2012, babban taronta a Adis Ababa ya tabbatar a shekara ta gaba. Su ma ta taro suka amsa. Waɗanda masu dariya ke yabo don sun tsaya kan aƙida, hanyar da ake wa dariya ita suka bi.

Yanzu mu shafa wa gemunmu ruwa. Mu ne masu alfahari da shawara, har sura guda muke da ita mai sunan Shura. Amma wa bai san yadda deklarasiyon ke fitowa a ƙungiyoyinmu ba? Mutum uku su kulle ɗaki da dare, da safe a karanta gaban kyamara "da sunan ɗaukacin ɗalibai", ko matasa, ko Musulmin ƙasa. A kira AG, a fara da rabin awa kafin mutane su iso, mai makirufo ya tambaya "kun yarda?", ƴan gaba su yi ihu, shi ke nan an yanke. Wanda ya ɗaga hannu zai yi gyara a ce an saye shi. Kundin dokar iyali tun shekarun 1990 ake ja-in-ja a kansa a Nijar, har yau bai zama doka ba, masu so da masu ƙi kowa na rantsuwa da sunan al'umma. Wa ya kai daftarin Dakoro ko Matamaye ya zauna ya ji bakin matan da abin ya shafa, ya rubuta amsarsu, ya ƙirga?

Ba sai mun ari aƙidar kowa ba kafin mu gyara wannan. Abu uku nake kira mu nema daga kowane biro da ke magana da yawunmu. A ba mu rubutun tun kafin ranar taro, da kwanakin da za su isa a karanta. Babban al'amari kada ya wuce sai da kashi biyu cikin uku, kuma kada a taɓa mudun ranar da aka ga ba zai cika ba. Ra'ayin waɗanda aka rinjaya a rubuta shi cikin takardar, da adadinsu. Biron da ya ƙi waɗannan, in ya hau mumbari gobe ya ce "mun yanke", wani daga bayan amfi ya miƙe ya tambaye shi su wa da wa, yaushe, kuma mutum nawa.