Gidan bautar Hindu a darasin labarin ƙasa

Iyaye, yaranmu na Sae Sabuwa sun riga sun ga gidan bautar Hindu, ko mun so ko mun ƙi. Fim ɗin Indiya na fassara yana cikin wayar yayyensu: ƙararrawa, furanni, jan ɗigo a goshi. Idan suka yi tambaya sai mu ce "masu bautar gumaka ne", mu rufe zance. Ni malamin makaranta ne, kuma a ganina wannan amsa ta yi kaɗan.

Ga ƙauyen Shani Shingnapur a jihar Maharashtra. Abin bautarsu baƙin dutse ne a kan dandamali, ba rufi. Ran Asabar jama'a ke tururuwa suna zuba masa mai, masu sayar da mai da furanni da ruwan rake na ƙauyukan kewaye kuwa ranar suke samun na cefane. An san garin da gidaje marasa ƙyaure, don mutanensa sun yi imani duk wanda ya yi sata dutsen ba zai bar shi ba. Har bankin UCO ya buɗe reshe a can a 2011 yana tutiyar bin wannan al'ada (an dai sha ba da rahoton sata, ɗan Adam ke nan). A 2016 kuma, bayan hukuncin babbar kotun Bombay, aka bar mata su hau dandamalin da aka daɗe ana hana su.

Darasi nawa ke cikin wannan? Ciniki, amana, shari'a, matsayin mata. Ɗan aji shida zai gane, domin ya san yadda masallacin Juma'a ke tara ƙauyuka biyar ko shida, ya san abin da ake saye da sayarwa bayan an sallame.

Na san tsoron iyaye, kada sani ya zama sha'awa. To amma Tibiri na nan kusa da mu, inda sarautar Inna ta Gobir ke riƙe da ƴan bori tun da daɗewa, kakanninmu kuma sun zauna da Arna masu buɗin daji, sun ci kasuwa ɗaya. Sanin wannan bai hana kowa salla ba. Yaron da malaminsa ya ƙi ba amsa, wurin mai fassarar fim zai koma, shi kuwa dariya yake sayarwa.