Rikicin Intanet A Amurka: Wa Ke Da Iko Da Hanya?

Daga Wakilinmu

A ran 2 ga watan Janairu na 2025, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke zama a birnin Cincinnati na ƙasar Amurka ta soke ƙa'idojin da suka hana kamfanonin sadarwa nuna bambanci tsakanin saƙonnin da ke bi ta layukansu na intanet. Wannan hukunci ya sake tayar da wata tsohuwar gardama, watau ko kamfanin da mutum ke biya kuɗin layi kowane wata yana da ikon zaɓa masa abin da zai gani.

Kowa ya yarda cewa shimfiɗa waya da kafa turakun sadarwa suna cin kuɗi, don haka biyan kuɗin wata ba abin faɗa ba ne. Inda aka rabu shi ne abin da kamfanin zai iya yi bayan ya karɓi kuɗin. Masu sukar tsarin suna cewa idan aka sakar wa kamfanoni mara, za su toshe wani shafi, su rage wa wani gudu, sa'an nan su buɗe hanya ta musamman ga wanda ya ƙara biya. Ta haka ƙaramin ɗan kasuwa da ƙaramar jarida za su kasa isa ga jama'a.

Wannan tsoro kuwa yana da dalili. A 2007 an gano cewa kamfanin Comcast yana kawo cikas ga masu musayar kaya ta hanyar BitTorrent ba tare da ya sanar da su ba. A 2018, sa'ad da ake fama da wata babbar gobarar daji a Jihar Kaliforniya, kamfanin Verizon ya rage gudun layin 'yan kwana-kwana na gundumar Santa Clara domin sun wuce iyakar da aka yanka masu. Daga baya kamfanin ya ce kuskure ne aka yi.

Su kuma kamfanonin suna da tasu hujja. Sun ce su ne suka zuba jari, kuma idan gwamnati ta ɗaure masu hannu, ba za su sami ƙarfin kai layi ƙauyuka ba. Har wa yau sun ce gasa ta isa ta hana kowa cutar masu biyansa. Amma fa gasa tana amfani ne inda akwai zaɓi, alhali a yankunan karkara da yawa na Amurka kamfani ɗaya ko biyu ne kurum ke da layi mai sauri.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne yadda manufar gwamnati ta riƙa juyawa. A watan Fabrairu na 2015, zamanin Shugaba Obama, Hukumar Sadarwa ta Tarayya, watau FCC, ta sa intanet cikin sahun ayyukan jama'a irin su tarho, bisa ga dokar sadarwa ta 1934. A watan Disamba na 2017, a ƙarƙashin Ajit Pai wanda Shugaba Trump ya naɗa, hukumar ta soke wannan. A watan Afrilu na 2024, zamanin Shugaba Biden, ta komar da shi. Duk sau ukun, ƙuri'a uku ce ta rinjayi biyu.

Kotun Cincinnati ta dogara ne a kan wani hukunci na Kotun Ƙoli na watan Yuni na 2024, wanda ya ce alƙalai ba su da tilas su bi fassarar da hukumomin gwamnati suka yi wa doka. Ma'anar wannan ita ce ko da wata gwamnati ta zo da niyyar maido da ƙa'idojin, zai yi wuya hukumar ta iya, sai dai Majalisar Dokoki ta kafa doka. Jihar Kaliforniya ta riga ta yi tata tun 1918 da ɗari, watau 2018, kuma wannan hukunci bai taɓa ta ba.

Waɗansu ƙasashe sun bi wata hanya dabam. Tarayyar Turai ta kafa dokar buɗaɗɗiyar intanet a 2015. Indiya kuwa, a watan Fabrairu na 2016, ta hana a bambanta farashi bisa ga shafin da mutum ya buɗe, abin da ya kawo ƙarshen shirin Free Basics na Facebook a can, wanda ke ba da waɗansu zaɓaɓɓun shafuka kyauta.

A cikin shekarar nan ta 2016 ne aka kawo wannan shiri Nijeriya ta hannun kamfanin Airtel. Kyauta tana da daɗi ga mai ƙaramin ƙarfi, amma wanda aka zaɓa wa ƙofar da zai shiga bai san abin da ke bayan sauran ƙofofin ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya kamata 'yan majalisa a kowace ƙasa su rubuta wannan haƙƙi a cikin doka, kada su bar shi ga alherin kamfanoni ko ga ra'ayin wanda ke kan mulki.