RA'AYINMU: Ilimin Da Ke Bakin Tanderu

A wannan fitowa muna so mu ɗan jingine zancen kuɗin makaranta da na ɗakunan kwana, mu waiwayi sana'ar sarrafa gilashi da malaman da ke koyar da ita. Wataƙila mai karatu ya ce, ina ruwan biri da gada? To, labarin waɗannan mutane ya taɓo wata tambaya da ta shafi kowannenmu: wane ne ya cancanci a kira shi malami a jami'a?

Kafin shekarar 1962, hura gilashi a ƙasar Amurka aikin manyan masana'antu ne. Mai zane ya zana, ma'aikata su narka su hura, kowa da iyakarsa. A watan Maris na shekarar ne wani malamin ginin tukwane na Jami'ar Wisconsin, Harvey Littleton, ya tara mutane kaɗan a wani gareji na gidan adana kayan fasaha na birnin Toledo, domin ya gwada ko mai fasaha zai iya narka gilashi a ƙaramin tanderu, ya sarrafa shi da hannunsa. Haɗin farko ya ƙi narkewa yadda ake so, sai da masanin gilashi Dominick Labino ya gyara tanderun, ya kawo musu 'yan ƙwallayen gilashi masu saurin narkewa. Sa'an nan wani dattijo mai suna Harvey Leafgreen, wanda ya yi ritaya daga hura gilashi a masana'anta, ya ɗauki bututun ƙarfe ya nuna musu yadda ake yi. Lalle hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Littleton bai ɓoye abin da ya samu ba. Ya shigar da gilashi cikin darussan jami'arsa, almajiransa kuma suka bazu. Marvin Lipofsky ya kafa irin wannan darasi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1964, Sam Herman ya kai shi Landan. Dale Chihuly ya tafi tsibirin Murano na ƙasar Italiya a 1968, ya ga yadda gwanaye ke aiki ƙungiya-ƙungiya, a 1971 kuma aka kafa makarantar gilashi ta Pilchuck da hannunsa a ciki. Haɗarin mota ya raba shi da ganin idonsa na hagu a 1976, ya kuma goce kafaɗa a 1979, ya daina hurawa da kansa. Amma da yake ya riga ya koyar da wasu, aikinsa bai tsaya ba.

A shekarar 1979 ɗin nan ce Lino Tagliapietra ya zo Pilchuck koyarwa. Shi ɗan Murano ne, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana tsare sirrin sana'a. Tun yana ƙaramin yaro ya shiga koyon aiki, ya zama gwani yana ɗan shekara 21. A bakin wuta ya yi karatunsa, amma masu digiri suka zauna gabansa suna ɗaukar darasi, ba su ga wani abin kunya a ciki ba.

Abin da ya sa muka kawo wannan labari shi ne, irin waɗannan gwanaye muna da su a gida. A Bida ta ƙasar Nupe, Masaga sun gaji narka gilashi kaka da kakanni. Da tanderun yumɓu da itace da zuga-zugi suke mayar da fasassun kwalabe su zama ƙarau da duwatsun wuya, a da can ma su da kansu suke haɗa ɗanyen gilashin. Masu binciken kayan tarihi sun tabbatar an yi gilashi a Ile-Ife tun wajen ƙarni na 11. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu. Duk da haka, mu nawa ne a cikinmu muka taɓa ganin tanderun Masaga? Da yawanmu mun ɗauka ilimi shi ne abin da aka rubuta a allo kaɗai, mai aikin hannu kuwa sai dai a yi cinikin kayansa a wuce.

Ba mu ce jami'o'inmu ba su taɓuka kome ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da fasahar gilashi, ita ce kuma ta ba Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane, digirin girmamawa a 1977. Sai dai karramawa ta yini ɗaya ce, koyarwa kuwa ita ke sa sana'a ta wuce rayuwar mai ita. Mun kuma san aikin yana da tsada. Gilashi yana bukatar zafin da ya haura digiri 1,000, tanderu na cin makamashi ba ƙaƙƙautawa, kuma dole a sanyaya abin da aka ƙera sannu a hankali, in ba haka ba ya tsage. Amma mu tuna a gareji aka fara a Toledo.

Saboda haka muna kira ga hukumar jami'armu da ta gayyato gwanayen Masaga su koyar, a biya su haƙƙinsu kamar sauran malamai masu ziyara, a kuma rubuta iliminsu da sunayensu a kai. Ɗaliban kimiyya su auna yashinmu, su nemo tanderu mai tsimin makamashi. Ita kuwa ƙungiyarmu, ta shirya ziyara zuwa Bida a hutu mai zuwa, domin gani ya kori ji, ta kuma fara tattara kwalaben da ke zube a bayan ɗakunan kwananmu.

Duk dattijon gwani da ya rasu bai bar almajiri ba, ya tafi da abin da ba za a same shi a ɗakin karatu ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya sa mu farga tun da sauran wuta a tanderu, amin.

Edita