Iska ba ta da lauya, shi ya sa ake ɗora mata laifi

Duk sa'ad da ƙaramin jirgin sama ya kauce daga titin sauka, fiffike ya daki turɓaya ko hanci ya kafe a ƙasa, amsar masu shi ɗaya ce: iska ce, ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma fakewa da ita domin rufe sakaci cin amana ne.

Iskar da ke bugun jirgi ta gefe lissafinta a rubuce yake. Littafin jirgin Cessna 172 ya nuna cewa mafi ƙarfin iskar gefe da aka gwada saukarsa cikinta kusan kilomita 28 ne a awa. In iska ta karkace da digiri 30 daga titi, rabin ƙarfinta ke tura jirgi gefe. In ta zo a gicciye, dukansa. Kowane matuƙi an koya masa magani: ya sunkuyar da fiffiken da iska ke bugu, ya miƙe hancin jirgi bisa titi, in abin ya gagara ya fasa sauka, ya sake zagayowa ko ya nufi wani fili.

To, mi ke hana shi? Sau da yawa maigidan da ke zaune bayansa. Alhaji na da kaya a duwan, ɗan siyasa na da taro, jama'a na jira cikin rana, matuƙi kuwa yana tsoron rasa tuwonsa. Alhali guguwar farkon damina ba ta san minista ba, kuma fili mai titi ɗaya ba ya juyawa ya fuskanci iska don girman wani.

Hukuma ma tana da nata kaso. Ƙa'idojin da suka biyo yarjejeniyar Shikago ta 1944 sun tanadi a binciki haɗari domin hana maimaituwarsa, a kuma bayyana rahoton ƙarshe ga jama'a. Rahoton da ya kwana cikin akwati bai ceci kowa ba. Ilimi kuma ba a rasa shi ba: tun 1963 makarantar EAMAC ke Yamai tana horar da masana yanayi da ma'aikatan jiragen sama.

Abin da ya rage a fili yake: a kula da tutar auna iska a kowane fili, daga Tawa har Damagaram, a wallafa rahotanni, doka kuma ta kare matuƙin da ya ce wa maigidansa a'a. Wanda ya sayi jirgi ya sani cewa maganar ƙarshe a sama ta matuƙi ce.