Canjoba Mai Aiki Da Kanta Ma Tana Buƙatar Hannun Mutum

Rubutun wannan makon zai ɗan kauce wa zancen ƙa'idojin rubutu, ya leƙa cikin akwatin ƙarfen nan da ake mannawa a bango kusa da janareta a asibitoci da bankuna da manyan gidaje. Masu gyaran wuta suna kiransa ATS, wato canjoba mai aiki da kanta. Ra'ayina shi ne, maɓallin da ke ba mutum damar sauya wuta da hannunsa a jikin wannan na'ura yana da muhimmanci ƙwarai, kuma mu marubuta muna da aiki a kansa.

Ga yadda take aiki. Na'urar tana auna ƙarfin wutar NEPA, wanda a Najeriya ya kamata ya tsaya wajen bolt 230 a layin gida. Idan aka ɗauke wuta, ko ta yi rauni sosai, sai ta ɗan jira daƙiƙoƙi, ta tayar da janareta, ta bari ƙarfinsa ya daidaita, sannan ta mayar da gidan kansa. Idan wuta ta dawo ba ta komawa nan take. Tana jira ta tabbatar wutar ta zauna, ta sauya, ta bar injin ya ɗan yi aiki babu kaya a kansa don ya huce kafin ya mutu.

To in haka ne, me ya kawo hannun mutum? Na farko, gwaji. Janaretan da ya yi watanni ba a tayar ba, batirinsa kan mutu ba wanda ya sani, sai ranar buƙata. A Amurka, ƙa'idar NFPA 110 ta tanadi a gwada injin gaggawa kowane wata na aƙalla minti 30 da kaya a kansa, a kuma motsa na'urar sauyawar. Na biyu, irin wutarmu. Kowa a nan ya san wutar da ke zuwa tana tafiya, ƙwai yana haske yana dusashewa. Mutum kan ga hadari ya haɗo, ko ya san za a shiga tiyata, ya zaɓi komawa kan inji tun kafin matsala ta zo. Na'ura ba ta ganin hadari. Na uku, ita kanta na'urar tana lalacewa, kuma ranar da kwakwalwarta ta ƙone, hannun ƙarfen da ke jikinta ne kawai mafita.

Wasu za su ce a kulle akwatin, kada maigadi ya taɓa, tunda an kashe kuɗi ne don a huta da taɓawa. Maganarsu tana da hujja. Sau da yawa wani kan juya maɓalli zuwa aikin hannu, ya manta bai mayar ba, dare ya yi a ɗauke wuta, injin ya ƙi tashi. Haka kuma yawancin irin waɗannan na'urori, kamfanonin da suka ƙera su sun hana a ja hannun ƙarfen alhali wuta na gudana a ciki, saboda tartsatsin da zai iya tashi ya ƙona mutum. Amma kulle akwati ba ya hana buƙata zuwa. Ƙarfe biyun dare injiniya yana gidansa, maigadi ne a wurin. Idan bai san maɓalli ba, zai yi dabara, kuma dabarar da ta fi kisa ita ce a haɗa wayar janareta kai tsaye da layin gida ba tare da an raba shi da na NEPA ba. Wutar kan koma baya ta bi taransfoma, wadda ke iya ɗaga ta zuwa bolt 11,000, ta sami ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton layin a mace yake. Yawanci ana yin canjoba ne yadda ba za ta haɗa wuta biyu a lokaci guda ba, sai ta saki ɗaya sannan ta kama ɗaya.

Yanzu ku duba jikin akwatin. Duk rubutun da ke kansa da Turanci yake, littafin bayaninsa ma haka. Mutumin da zai taɓa shi cikin duhu kuwa Hausa yake ji, wataƙila ma ajami ya fi iya karantawa. Wannan giɓin namu ne. Muna iya cika shafi hamsin da bayanin falon Alhaji da lefen amarya, amma layi goma da za su gaya wa mutum wane maɓalli zai danna, wanne zai bari, da inda zai mayar da shi bayan ya gama, sun gagare mu.

Aikin wannan makon ke nan. Kowa ya nemi mai gyaran wuta da ya san aikinsa, ya zauna da shi ya nuna masa canjobar da ke kusa da shi, ta hannu ce ko mai aiki da kanta. Sai ya rubuta umarnin amfani da ita da Hausa cikin layi goma, ya mayar wa mai gyaran ya duba kafin a manna. Ku kawo abin da kuka rubuta nan mu tattauna kalmomin da suka fi dacewa. Allah Ya tsare mu da haɗarin wuta, amin.